Neman aiki a ƙasar waje: a hannun wa izinin ma'aikaci yake?

Tsakanin 2024 da 2025 manyan ƙasashen da ake tafiya aiki sun yi ta sauya dokokinsu, har mai nema ya rasa wadda zai kama. Birtaniya ta ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake ba ƙwararren ma'aikaci biza a kansa daga fam 26,200 a shekara zuwa 38,700 a watan Afrilun 2024, sannan zuwa 41,700 ranar 22 ga Yulin 2025. A wannan rana ce kuma ta daina karɓar sababbin masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga waje. Kanada ta soke ƙarin makin da take ba wanda ya zo da tayin aiki a hannu tun watan Maris na 2025. A Satumbar 2025 Amurka ta ɗora kuɗi dala 100,000 kan sababbin takardun neman bizar H-1B ta ƙwararrun ma'aikata, lamarin da ya kai ga kotu. Jamus kuwa akasin haka ta yi: daga 1 ga Yunin 2024 ta fito da sabon katin da ke barin mutum ya shigo ya nemi aiki da ƙafarsa, ko da babu kamfanin da ya kira shi.

Kowace ƙasa da irin nata tsarin, amma akwai tambaya ɗaya da ke warware mafi yawan ruɗanin: idan mutum ya isa, izinin zamansa a hannun wa yake? A wuyan kamfanin da ya ɗauke shi aka rataya shi, ko nasa ne shi kaɗai? Amsar ita ke nuna inda za a fara nema, da wanda zai biya me, da abin da zai faru ranar da aikin ya ƙare.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Tayin aiki takarda ce daga kamfani, tana cewa za mu ɗauke ka a kan albashi kaza. Ba ta ba kowa damar tsallaka iyaka. Biza izinin shiga ƙasa ce, kuma gwamnati kaɗai ke bayar da ita. Izinin aiki shi ne damar yin aikin da za a biya mutum, izinin zama kuma shi ne adadin lokacin da aka yarje masa ya zauna. Wasu ƙasashen suna haɗa waɗannan ukun a takarda ɗaya, wasu suna rarraba su.

Daga nan ne kuskure mafi tsada ke fitowa. Bizar ziyara ko ta yawon buɗe ido ba ta halatta aiki kusan ko'ina, kuma maganar nan ta "ka dai shiga, in ka je sai a canza maka" ba ta da tushe a yawancin dokoki. Birtaniya ba ta barin mai ziyara ya koma bizar ƙwararru daga cikin ƙasar. Kanada ta taɓa yin sassauci irin wannan a lokacin korona, amma ta soke shi a watan Agustan 2024.

Sai mai ɗaukar nauyi, wato kamfanin da gwamnati ta amince ya kawo ma'aikaci daga waje kuma ya tsaya masa. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kafili ake ce masa. Ejan daban ne: dillali ne tsakanin mai nema da mai ɗauka, ba ya ba da aiki, ba ya ba da biza, komai girman ofishinsa.

Ƙofar kamfani

Wannan ce hanyar da aka fi bi. Kamfani ke fara motsi, ma'aikaci ya biyo baya. A Birtaniya sai kamfani ya mallaki lasisin ɗaukar baƙi daga ma'aikatar cikin gida, sannan ya ba wanda ya zaɓa wata lambar shaida ta kwamfuta da ake kira CoS, da ita ake neman biza. Gwamnati tana wallafa sunayen duk kamfanonin da ke da lasisin a shafinta na intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Kamfanin da sunansa ba ya ciki ba zai iya kawo kowa ba, ko da gaske yake son ɗaukar mutum.

A Kanada, ga ayyukan wucin gadi da dama, sai kamfani ya fara gamsar da gwamnati cewa ya nemi ɗan ƙasa bai samu ba, a ba shi takardar LMIA. Kuɗinta dalar Kanada 1,000 ne kan kowane gurbi, kuma doka ta hana a ɗora wa ma'aikaci. A Amurka bizar H-1B tana da ƙayyadadden adadi: 65,000 a shekara, da ƙarin 20,000 ga waɗanda suka yi digiri na biyu ko sama a jami'o'in ƙasar. Masu nema sun ninka haka, shi ya sa aka daɗe ana raba ta da ƙuri'a. Ana rajista a watan Maris, aiki ya fara 1 ga Oktoba, kuma kamfani ne ke shigar da sunan mutum. Tarayyar Turai tana da nata katin na ƙwararru, Blue Card, mai buƙatar kwantiragi na aƙalla wata shida da albashin da ya kai wani mataki. Denmark da Ireland ba sa cikin tsarin.

Amfanin wannan ƙofa a fili yake: mutum zai sauka da aiki da albashi suna jiransa. Illarta ita ce izininsa a ɗaure yake da kamfanin. Idan aka sallame shi, ko aka ƙwace lasisin kamfanin, a Birtaniya yawanci kwana 60 ake ba shi ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya fice. Kwana 60 ɗin ne kuma a tsarin H-1B. Wanda ya san korarsa daga aiki na nufin korarsa daga ƙasa ba kasafai yake buɗe baki ba idan an rage masa albashi ko an ƙara masa awoyi.

Ƙofar maki

A nan gwamnati ce ke zaɓar mutum bisa abin da yake da shi, kamfani ya zo daga baya. Tsarin Express Entry na Kanada, wanda ya fara aiki a Janairun 2015, yana auna shekarun haihuwa, da karatu, da ƙwarewar Turanci ko Faransanci, da shekarun aiki, a kan maki 1,200. Mai shekara 20 zuwa 29 ne ke samun cikakken makin shekaru. Daga 45 babu ko ɗaya. Wanda aka gayyata, idan aka amince da takardunsa, yana samun izinin zama na dindindin, ya yi aiki inda ya ga dama. Tun 2023 ana ware gayyata ta musamman ga wasu rukunoni, kamar ma'aikatan lafiya, da masu sana'ar hannu, da masu jin Faransanci. Ostiraliya ma tana da tsarin maki nata.

Katin Jamus na neman aiki, Chancenkarte, ya faɗo tsakiya. Wanda Jamus ta riga ta amince da shaidar karatunsa baki ɗaya yana iya samunsa kai tsaye; wanda ba haka ba sai ya tara aƙalla maki 6, kuma ya nuna Jamusanci a matakin farko, A1, ko Turanci a matakin da ya ɗara matsakaici, B2. Katin na shekara ɗaya ne, ana iya yin aikin awa 20 a mako da shi, da gwajin aiki na mako biyu a wurin da ake sa rai. Sai dai dole mutum ya nuna yana da abin da zai riƙe kansa, sama da Yuro 1,000 kan kowane wata. Ma'ana haɗarin ya koma wuyan mai nema: shi zai ci, shi zai biya haya, babu tabbacin shekara za ta ƙare da aiki a hannu.

Kafala

A Saudiyya, Katar, Kuwait, Bahrain, Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, tsarin kafala ya ɗaure zaman baƙo da kafilinsa fiye da ko'ina. A da ma'aikaci ba ya iya canza aiki ko barin ƙasa sai da yardarsa. An yi gyare-gyare. A 2020 Katar ta soke sharaɗin neman izinin maigida kafin canza aiki, ta kuma kafa mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata, wanda ya fara aiki a Maris na 2021. A watan ne kuma Saudiyya ta fara barin ma'aikatan kamfanoni su canza wurin aiki bayan shekara ɗaya ba tare da sa hannun kafili ba. Amma wannan gyara na Saudiyya bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba, alhali su ne suka fi shiga tsaka mai wuya, domin aikinsu a bayan ƙofa yake inda mai sa ido ba ya shiga. Gwamnatocin yankin suna cewa an rushe ginshiƙan kafala. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ma'aikata suna cewa muddin maigida na iya kai rahoton cewa ma'aikaci ya gudu, ƙarfin yana nan a hannunsa. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokokin ƙasashen, duk da haka ana yi.

Akwai wata hanya ta huɗu, ta gwamnati da gwamnati. Koriya ta Kudu tana ɗaukar ma'aikatan masana'antu da gonaki ta tsarin EPS tun 2004, inda hukumomin gwamnati ke shirya jarrabawar harshe da tura sunaye, ba ejan ba. Kuɗinsa ya fi sauƙi ƙwarai, amma 'yan ƙasashen da suka sa hannu da Koriyar kaɗai ke shiga.

Abin da ya jawo sauye-sauyen

Abu biyu ne ke jan igiya. Ƙasashe masu arziki suna tsufa, haihuwa ta ragu, asibitoci da gidajen tsofaffi da gine-gine suna neman hannaye. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta ƙiyasta baƙin da ke cikin ma'aikatan ƙasashe sun kai miliyan 167.7 a 2022, mafi yawansu a ƙasashe masu arziki. A gefe guda kuma siyasar cikin gida tana matsa wa gwamnatoci su rage baƙi, saboda tsadar gidaje da cunkoso a asibitoci da makarantu.

Birtaniya misali ce. Bayan ficewarta daga Tarayyar Turai ta rasa ma'aikatan da ke shigowa ba biza, sai ta buɗe ƙofar masu kula da tsofaffi a Fabrairun 2022. Yawan masu shigowa ya zarce na masu fita da sama da 900,000 a shekara ɗaya. Sai aka fara ja da baya: a Maris na 2024 aka hana masu wannan aiki zuwa da iyali, a 2025 aka rufe ƙofar. Ba yawa kaɗai ya jawo ba. Gwamnatin ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta ƙwace lasisin kamfanonin kula da tsofaffi sama da 470, waɗanda suka ɗauki nauyin ma'aikata fiye da 39,000. Da yawa sun biya kuɗi masu yawa, suka iso suka tarar babu aikin ko babu awoyin da aka yi musu alkawari.

Dalilin Kanada ma makamancin haka ne. Tun da tayin aiki yana ƙara maki, sai takardar LMIA ta zama haja ana sayarwa a ɓoye. An soke makin ne don a kashe kasuwar, amma ya shafi har wanda ya samu tayinsa ta halal.

Takardun karatu

A nan mutane suka fi makalewa, kuma a nan ya kamata a fara, tun kafin aika wa kowa takardar neman aiki. Sana'o'i iri biyu ne. Akwai waɗanda doka ta kulle, kamar likitanci, jinya, haɗa magunguna, koyarwa da lauya, inda ba a aiki sai da rajistar hukumar ƙasar. Ma'aikaciyar jinya mai son Birtaniya sai ta ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, ta yi jarrabawar kwamfuta, sannan ta yi ta gwajin aiki a aikace, kafin hukumar ma'aikatan jinya ta ƙasar, NMC, ta sa sunanta a rajista. Likita jarrabawar PLAB zai yi a Birtaniya, ta USMLE a Amurka. Jamus kan buƙaci Jamusanci mai zurfi ga duk mai taɓa majinyaci. Wannan hanya kan ci shekara ko fiye.

Sauran sana'o'i, kamar aikin kwamfuta ko kasuwanci, kamfani ne ke yanke hukunci, sai dai ofishin biza na iya neman a tantance digirin. Kanada na karɓar tantancewar hukumomi irin su WES. Jamus tana da rumbun bayanai na anabin inda ake duba matsayin jami'a da digiri. Galibi jami'ar da mutum ya gama ce za ta aika sakamakonsa kai tsaye, kuma jinkirinta ba ya hannunsa. Sakamakon IELTS kuwa shekara biyu yake yi, saboda haka wanda ya yi gaggawar rubuta shi kafin sauran takardu su haɗu yana iya biya sau biyu.

Neman aikin kansa

Wuraren da aka fi dogara da su su ne shafukan kamfanonin da kansu, da na gwamnatoci: EURES na Tarayyar Turai, Job Bank na Kanada, Make it in Germany na Jamus, NHS Jobs na asibitocin Birtaniya. LinkedIn na da amfani wurin gano wanda ke ɗaukar ma'aikata, amma kowa na iya buɗe shafi a can da sunan kowane kamfani.

Tsarin CV ya bambanta. A Amurka, Kanada da Birtaniya ba a sa hoto, ko shekarun haihuwa, ko addini, ko batun aure, saboda dokokin hana wariya. A Jamus sa hoto abu ne da aka saba. Manyan kamfanoni suna tace takardu da manhaja kafin idon mutum ya gani, don haka CV ɗaya da aka watsa wa wurare ɗari bai kai guda goma da aka rubuta kowanne daidai da tallar aikin ba. Kusan kowane fom yana tambaya ko mutum yana da izinin aiki a ƙasar. Ɓoye gaskiya a nan ba ya haifar da komai sai ɓata lokaci, domin kafin a ba da kwantiragi za a nemi shaida.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: kawo baƙo yana ci wa kamfani kuɗi da watanni, saboda haka ba ya yi sai ya rasa na gida. Sabon mai digiri da bai taɓa aiki ba yana takara ne da ɗan ƙasa wanda zai iya farawa ranar Litinin. Shekara biyu ko uku na aiki a sana'ar da ake ƙarancinta sun fi tarin takardun kwasa-kwasai nauyi.

Kuɗin ejan

Yarjejeniyar ILO mai lamba 181 ta 1997 ta ce kamfanonin samar da aiki ba za su karɓi kuɗi daga ma'aikaci ba, kai tsaye ko a kaikaice. Ƙasashen da suka rattaba mata hannu ba su da yawa, wasu kuma sun halatta karɓar wani ƙayyadadden adadi. Amma ƙa'idar ta shiga dokoki da dama: daga ƙarshen Disambar 2024 Birtaniya ta hana kamfani ɗora wa ma'aikaci kuɗin lasisi ko na CoS. Abin da ke wuyan mai nema yawanci shi ne fasfo, jarrabawar harshe, tantance takardu, wani lokaci kuɗin biza da na lafiya, kuma duk ga hukumomin ake biya, da rasit. Gurbin aiki ba abin sayarwa ba ne. Wanda ya biya dominsa ya yi cinikin biri a sama.

Bashin da aka ci don biyan ejan ya fi komai ɗaure ma'aikaci. Wanda aka canza wa kwantiragi bayan saukarsa, aka ba shi wani da albashi ƙasa da na farko, ba ya iya juyowa domin bashi na jiransa a baya. Gaba kura, baya sayaki.

Akwai kuma wanda ya wuce zamba ya zama safarar mutane. A Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoton cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kimanin 100,000 a Kambodiya ana tsare da su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Da tallar aikin ofis mai kyakkyawan albashi aka janyo da yawansu, kuma masu ilimi ne. Alamomin kan maimaita kansu: aiki ba tare da ganawa ba, albashin da ya fi ƙarfin sana'ar, matsin a biya yau, shawarar a shiga da bizar ziyara, da adireshin imel na kyauta a madadin na kamfani.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masu goyon bayan tsauraran sharuɗɗa suna cewa ɗaga albashi yana hana kamfanoni amfani da baƙi wajen danne ladan 'yan ƙasa, kuma yana tilasta musu horar da na gida. Masu gidajen tsofaffi da asibitoci da manoma suna cewa na gidan ba sa zuwa, guraben sai su zauna babu kowa. Ƙungiyoyin ƙwadago da yawa suna ganin gyaran da ake buƙata shi ne a kwance izinin ma'aikaci daga kamfani ɗaya, a ɗaure shi da sana'a, yadda zai iya barin azzalumin maigida ba tare da rasa zama ba. Kamfanoni kuma suna tambaya: wa zai kashe kuɗin kawo mutum idan zai iya tafiya bayan wata uku?

Ƙasashen da ake fita daga cikinsu ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta kuɗin da 'yan ci-rani suka aika ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi a 2023 ya haura dala biliyan 650. Filifin ta rungumi abin a matsayin manufa, har ta kafa ma'aikata guda ta 'yan ci-rani mai tantance kwantiragi da ejan kafin kowa ya tashi. Wasu ƙasashen kuwa kukan rasa likitoci suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya a 2010, kuma jerinta na 2023 ya ƙunshi ƙasashe 55 da ba a so a riƙa zuwa farautar ma'aikatansu. Kamfanoni da ejan ne jerin ya taka wa birki. Ma'aikacin da ya nemi aiki da kansa bai hana shi ba.

Yadda abin zai shafi mai nema

Masu digiri da ƙwarewa a lafiya, injiniyanci da kwamfuta har yanzu suna da hanyoyi, sai dai sun ƙara tsada da tsawo. Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu matsakaiciyar sana'a, domin tun Yulin 2025 Birtaniya ta mayar da bizar ƙwararru ta ayyukan matakin digiri, in ban da wasu 'yan sana'o'i da aka ware na ɗan lokaci. Ga waɗannan, abin da ya rage shi ne aikin kaka na 'yan watanni, ko koyon sana'a a Jamus ga mai harshen, ko yankin Gulf, kuma yawancin waɗannan ba sa zuwa da damar kai iyali. A ƙasashen Gulf shekarun aiki, komai yawansu, ba kasafai suke kai mutum ga zama ɗan ƙasa ba.

Albashin da ke kan takardar tayi kuma kafin cire haraji ne. A Birtaniya akwai harajin lafiya na fam 1,035 kan kowace shekarar biza ga babba, ana biyansa dunƙule tun wurin nema, ko da yake an yafe wa masu bizar lafiya. Wasu kwantiragin suna da sharaɗin cewa wanda ya bar aiki kafin shekara biyu ko uku zai mayar da kuɗin da aka kashe a kansa, kuma adadin yana rubuce a shafukan da ba a cika karantawa ba. Doka kuma tana iya canzawa tsakanin ranar da mutum ya fara haɗa takardu da ranar da ya miƙa su. Galibi wadda ke aiki a ranar miƙawa ce ake yi masa hukunci da ita.